Koren Ɗigo a Shagon Mai Keke

Shagon yana can ƙarshen layi, kusa da na mai sayar da labule. Kafin ka ga kaya, warin man inji ne zai tare ka. Tsofaffin kekunan ɗinki ne jere a kan kanta, baƙaƙe, wasu da zanen zinare da ya koɗe. Mai shagon dattijo ne mai ƙananan idanu, yatsunsa sun yi kanta. Teloli suna ce masa Mai Keke, sunan kuma ya bi shi har gida.

Sana'arsa sayen matattun kekuna, ya tashe su, ya sayar. Masu saye a wurinsa a warwatse suke, wasu ma bai taɓa ganin fuskarsu ba. Abin da ya haɗa shi da su shi ne saƙon imel da yake aikawa duk mako: keke kaza ya shigo, an samu bel da allurai, wancan da kuke tambaya an sayar.

Ɗansa ne ya kafa masa wannan tsarin, shi kaɗai gare shi. Ranar da ya haɗa abin, adireshin kansa ya fara sakawa don gwaji, bai kuma cire ba. Mai Labule, maƙwabciyarsa, ita ta ba ni labarin rabuwarsu, don a gabanta aka yi. Yaron ya karya haƙorin wani keke garin kwancewa, uban kuwa, ga teloli cike da shago, ya ce masa hannunsa ba na aiki ba ne, na latse-latse ne. Yaron ya goge hannunsa, ya fita, bayan ɗan lokaci ya koma wani gari mai nisa. Sau ɗaya ya dawo, da mahaifiyarsa ta rasu. Suka gaisa kamar baƙi, ya juya.

Shekaru sun wuce babu kira, babu saƙo. Amma manhajar da ke aika imel ɗin tana sa koren ɗigo kusa da adireshin duk wanda ya buɗe saƙon. Washegarin kowace aikawa, Mai Keke zai kunna tsohuwar kwamfutar da ke bayan kanta, ya ɗora tabarau, ya duba layin farko, inda adireshin ɗansa yake. Ɗigon yana nan. Sai ya kashe, ya ɗauki sukudireba.

"Ya amsa gaisuwa?" haka Mai Labule kan tambaye shi daga bakin ƙofa.

"Ya amsa."

"To madalla. Ku ci gaba da hira ta ɗigo, kai da ɗanka. Ni dai ban taɓa ganin taurin kai irin na gidanku ba."

"Je ki auna labulenki, an ce mini jiya kin yanke wa mutane gajere."

Daga baya ciniki ya fara ja baya. Wani tela ya zo da fushi, wai an sayar da keken da ya daɗe yana jira ba a sanar da shi ba. Mai Keke ya rantse ya aika. Da aka duba wayar telan, sai ga saƙonnin watanni jibge a kwandon shara, inda wayar ke zuba tallace-tallacen da ba ta yarda da su ba. Ba shi kaɗai ba ne. Korayen ɗigo suna ta raguwa, na layin farko ne kawai bai taɓa fashi ba.

Sai ya kira matar da ke kula da shafukan intanet na 'yan kasuwar layin, wadda kowa ke kira Injiniya. Ta zauna a kujerar telolin, ta yi bincikenta, ta ce akwai wata hanya da ake ce wa RSS.

"Baba, yanzu kai kake bin mutane gida-gida da takarda, masu gadi suna yaga ta. Wannan kuwa allo ne a ƙofar shagonka. Ka rubuta a shafinka, duk wanda ya yi rajista manhajarsa za ta zo ta kwafa ta kai masa. Babu kwandon shara, ba ka riƙe adireshin kowa, wanda ya gaji ya daina da kansa."

"Su telolin nan za su iya?"

"Masu kallon wasan ƙwallo a waya? Za su iya. Wasu za su yi ƙorafi, ba zan ɓoye maka ba, amma sau ɗaya ake saitawa."

Ya ɗauki wani ƙaramin noti yana murzawa a tafin hannu.

"To, 'yata, a nan ina ake ganin wanda ya karanta?"

"Ba a gani. Sai dai a ƙiyasta yawansu."

"Suna fa?"

"Babu suna."

Ya nuna mata layin farko, ya gaya mata na waye. Injiniya ta daɗe tana kallon allon. Ta ce mini daga baya ta so ta yi shiru, amma ta ga bai dace ba.

"Baba, kada ranka ya ɓaci. Akwai wayoyin da suke buɗe saƙo da kansu da zarar ya shigo, ko mai wayar bai duba ba. Ɗigon da bai taɓa fashi ba ko sau ɗaya, yawanci irin wannan ne. Ban ce bai karanta ba. Na ce ɗigon bai sani ba."

Mai Keke ya ajiye notin, ya ce zai yi tunani.

Makonni ya yi yana tunanin. Ya ci gaba da aika imel, ya ci gaba da duba ɗigon, amma Mai Labule ta lura ya daina amsa tambayarta ta safe, ita ma ta daina yi. Gidansa ɗaki biyu ne a bayan layin. Keken marigayiya matarsa yana falo, lulluɓe da zane, yana zuba masa mai duk da babu mai takawa. Rediyo ne ke magana a gidan.

Da tela na biyu da na uku suka koma saye wani wuri, ya sake kiran Injiniya. Ta haɗa masa allon nasa, ta koya masa yadda zai rubuta. Ta manna takarda a ƙofa mai bayanin yadda ake rajista, suka kuma aika imel na ƙarshe ga kowa. Teloli suka riƙa shigowa da wayoyinsu ana saita musu, ana tsokanar dattijon wai ya waye da tsufa. Labari ya koma isa inda aka aike shi. Wani keken hannu da ya rubuta labarinsa da safe, kafin la'asar an zo an ɗauka.

Saura rufe tsohuwar manhajar. Injiniya ta ɗora yatsa a kan madanni, ya riƙe mata hannun riga.

"A goge duka, a bar na farkon. Zan riƙa aika masa shi kaɗai."

"Labarin bel da allurai?"

"Abin da ya saba gani ke nan."

Mai Labule, da ke tsaye da tef ɗin awo a wuya, ta ce, "Mai Keke, mutum ɗaya ai ba kasuwa ba ne. In za ka rubuta wa ɗanka, ka rubuta wa ɗanka. Ka daina ɓuya bayan allurai."

Ya kwafe adireshin a bayan kwalin allura, ya ce wa Injiniya ta goge. Ta goge.

Saƙon ya rubuta shi da kansa a wayarsa, da yatsa ɗaya, yana gogewa yana sakewa. Ya nuna mini shi. Gajere ne. Ya ce an daina aika labarin shago ta imel, wannan daga babanka ne. Ya ce haƙorin keken nan da ya karye, da ya duba daga baya, dama a tsage yake. Ya tambayi lafiyarsa. A irin wannan saƙon babu koren ɗigo, Injiniya ta gaya masa tun kafin ya aika. Ya ce ya sani.

Ranar da na koma shagon, na same shi yana rubuta labarin mako: keke mai fedal ya shigo, yana buƙatar sabon bel. Bai san su wa za su karanta ba, ya dai san za su zo. Wayar tana kan kanta, tsakanin kwalbar mai da tsumma, fuskarta a sama. Da ta yi ƙara ya miƙa hannu da sauri, ya duba. Tela ne ke tambayar allura. Ya amsa masa, ya goge allon da gefen rigarsa, ya mayar da ita inda take.

Amsar ba ta zo ba tukuna.