Faifan da Na Ɗauko a Titin Ainu Shams

Shekarar da ruwa ya cinye gadar garinmu, ba a daɗe da rasuwar maigidana ba, autata ta haihu a Alkahira, aka sa ni a jirgi in je in yi mata wankan jego. Mijinta ɗalibi ne, suna haya a Ainu Shams, can ƙololuwar bene.

Ni masaƙiyar faifai ce. Ban yi boko ba, allo ma iyakata abin salla, amma ku tambaya a garinmu: ɗakin amaryar da babu faifaina a bango, ba a cewa an gama jere. Na baro babbar jikata an sa mata rana bayan kaka, na kuma bugi ƙirji gaban mata na ce faifanta zai zo da zanen da ido bai taɓa gani ba. Baki ne kawai ya faɗa. Zanen kam ba ni da shi.

A Alkahira baƙo sama yake kallo, ga hasumiya ga benaye. Ni ƙasa nake kallo, don kada in yi tuntuɓe. A haka na lura da wasu faya-fayan ƙarfe kwance tsakiyar titi, da rubutun Larabci zagaye da bakinsu, mutane na bi ta kai da takalmi. Na riƙa kewaye su ina istigfari, har autata ta gane.

"Inna, murfin kwata ne fa. Ba aya ba ce, cewa aka yi ruwan dattin gari."

"To ko na datti ne, wanda ya zana shi ya san hannu," in ji ni.

Yawancinsu gidan dara ne kawai. Amma akwai wani tsoho gaban mai shayin layinmu, ƙafa ta goge shi har yana sheƙi. Tauraro ne a tsakiya, zobe ya kewaye shi, sai wasu layuka suna shiga ƙarƙashin juna suna fitowa kamar kitson shuku. In tsaya in haddace, kafin in gama hawa bene zanen ya zube daga kaina.

Wata safiya na ɗauki farin ɗankwali da ƙaramin faifan da na zo da shi, na sauka, na durƙusa a kan murfin ina bin layukan da yatsa. Matar mai gadin gidanmu, wata ƙatuwa mai murya kamar ta masu shela, ta rugo tana salati, ta ɗauka faɗuwa na yi. Mai shayi ya zo da ruwa. Kan ka ce me, an taru ana dube-dube a ƙasa, wai ɗan kunne na yar. Ba na jin nasu, ba sa jin nawa. Sai na ajiye faifaina kusa da murfin, na nuna wannan, na nuna wancan.

Mai shayi ya dafe goshi ya tuntsire da dariya. Ya koma ya ɗebo mataccen gawayin shisha, ya shimfiɗa ɗankwalina a kan ƙarfen, ya gwada mini yadda zan goga. Ina gogawa tauraro na fitowa. Can wata ƙaramar bas ta iso tana ta oda. Matar mai gadi ta tare hanya, hannu a ƙugu, ta zazzaga wa direban abin da na gode Allah ban fahimta ba. Ya sauko a fusace, ya leƙo, sai ga shi ya tsuguna ya danne mini kusurwar ɗankwali don iska, fasinjojinsa na ta ihu ta taga.

"Tamam, ya hajja?" in ji direban.

"Tamam," na ce. Larabcina ke nan kaf.

Da na hau sama hannu baƙi ƙirin, autata ta riƙe haɓa. "Inna, murfin masai za ki ɗora wa tuwon amarya?"

"Ke dai shayar da ɗanki. Mutanen da suka yi wa dattinsu ado haka, ai ba a raina su."

Surukina ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa.

A gida na rina kaba ja da baƙi da ruwan ɗorawa. Na warware saƙar ban san iyaka ba kafin layukan su yarda su shige juna. Rubutun kam na bar musu abinsu. Ranar jere mata suka yi cirko-cirko gaban bango, wata ta ce daga wane masallacin Masar na kwaso shi. Na ce murfin kwata ne. Suka kwashe da dariya, wai Hajiya rowar asiri take yi. Har yau masu kwaikwayonsa zanen masallaci suke ce masa.

Mai shayi an ce ya rasu, Allah ya jiƙansa. Direban ban sake ganinsa ba. Matar mai gadi tana nan, ta tsufa amma muryar ba ta ragu ba, tana aiko mini da gaisuwa ta bakin ɗalibai. Bayan ita, masu sanin asalin zanen sai ni da autata, da jikar tawa wadda yanzu ita ma ta kusa aurar da 'ya.