Fim ɗin Hajo da na hana a nuna

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanwata Hajo, Allah Ya ji ƙanta. Ranar da nake yawan tunawa ita ce ranar da aka ɗauki fim a tsakar gidanmu na Gwadangaji. Akwai Hajo, da Inno mai albasa, da Maman Ladi maƙwabciyarmu 'yar Filato, da Kulu matar ɗana, sai Bashiru ɗan Hajo riƙe da kamara. Ni ma ina wurin, amma ba wasa ya kawo ni ba. Shinkafar da ke kan wuta tawa ce, daga gonarmu ta Zauro.

Fim ɗin gajere ne. Mata huɗu ne da tukunyar turara shinkafa guda, a shekarar da ruwa ya ci gonaki, kowacce na son a fara da tata. Hajo ce mai raba gardama. Maman Ladi ta fito a mai rowa, ita da ko gishiri ba ta iya hanawa.

Bashiru bai san aikin shinkafa ba. Shinkafa idan ƙaiƙayinta ya fara tsagewa sauke ta ake yi, shi kuwa sai "a sake" yake faɗa. A karo na huɗu na kutsa tsakiyarsu na ture Hajo, na ce, "Ke da furfurarki, kina jin ƙamshi ya sauya kin tsaya zuba zance?"

Bai yanke wurin ba. Da na ji haka na ce muddin ina raye ba za a nuna ni ina faɗa a bainar jama'a ba. Yaro ne mai biyayya, ya adana fim ɗin. Wata huɗu bayan nan Hajo ta rasu. Bara Inno ta bi ta, ba ta taɓa ganin kanta ba.

Yau mata sun koma kai shinkafa inji, ba mai aron tukunyar wata. Na san Hajo da ta yaba sauƙin, sannan ta tambaya ina ake haɗuwa a yi hira yanzu.

Makon jiya Maman Ladi ta shigo tana dafa bango, idonta ya yi rauni. Ta ce, "Yaya, ki bari in ga fim ɗin nan tun ina gani." Na sa Kulu ta nemi Bashiru ya turo shi, ta kunna mana a waya. Ashe lokacin da nake faɗan, Hajo na bayana tana kwaikwayon yadda nake kaɗa yatsa, sauran na danne dariya. Haka take tun muna yara, ni ce na manta. Ba wani wuri da wannan ya saura sai cikin abin da na kulle.

Washegari na hau mota zuwa Argungu, inda Bashiru ke koyarwa. Ya durƙusa zai gaishe ni, na ce, "Tara mutane ka nuna musu uwarka."

"Inna, in cire wurinki?"

"Mi za ka cire? Shinkafar ta kusa lalacewa, gaskiya na faɗa."