Irin Gero Cikin Toka

Shekarar da fari ya yi mana ɓarna, mazan Kagarawal da yawa mun cinye har irin shuka. Ni ma na cinye nawa. A cikin gari ana ta zancen kuɗin mai da sababbin babura, amma da hadari ya fara haɗuwa a gabas, ba ni da ko cikin tafi na gero da zan kai gona.

Sai aka ce akwai iri wurin wata tsohuwa mai sayar da itace. Daga ƙauye ta zo, can ƙasar Tera. Da mijinta ya rasu, 'yan'uwansa suka karɓe gonar da ta tsufa tana nomawa. Kullum tana wuce mu da kaya a ka, ko gaisuwar kirki ba ma yi mata.

Na same ta a bukkarta, bakin unguwa. Ta jawo wani tulu da aka liƙe bakinsa da laka, ta fasa liƙin. Gero ne cikin toka, ko ƙwaro ɗaya bai taɓa shi ba. Na dubi wuyanta, ƙasusuwa duk a waje. Wata da watanni matar nan tana fama da yunwa, tulun yana gefen tabarmarta, ba ta buɗe ba.

"Inna, nawa mudu?"

"Ba na sayarwa ba ne. Kuma ba na ba namiji. Kun cinye naku, za ku cinye nawa? Turo matarka."

"Ai duk ɗaya ne, Inna."

"Ina ɗaya? Tana da gayaunarta, 'yar gonar kanta?"

Tun aurenmu ina sara da sungumi, matata tana biye tana zuba iri tana rufewa da ƙafa, amma ban taɓa yanka mata ko taku goma ba.

"An ce kana zuwa ajin yaƙi da jahilci," in ji tsohuwar. "To rubuta. Ni da baki aka ba ni gona, da baki aka karɓe."

Na yagi takarda daga littafin aji. Na daɗe kafin na gama layi biyu: a gonata, daga tsamiya zuwa kwari na matata ne, ko bayan raina. Mai unguwa ya dangwala yatsa. Tsohuwar ba ta yarda ba sai da wata malamar firamare, maƙwabciyarta, ta karanta mata sau biyu.

Haka tsohuwar ta yi wa duk wanda ya je.

Matata ta dawo da iri ƙulle a haɓar zane. Ta zauna tsakar gida ta raba biyu, ta turo mini kashi ɗaya.

"Ungo, maigida, na gefenka. Kada dai ka kai wa tukunya."

Kwana uku bayan nan ruwa ya sauka, muka shuka. Da kaka, kafin mu ci komai, na tarar da ita tana kwaɓa laka, ga sabon tulu da toka a gabanta.