Faransancin Baba

Babana direban motar haya ne tsakanin Dogon Dutsi da Matankari, ran da aka samu fasinja har Sukukutane yakan kai. Shekarar da ya sayo tele da na'urar sede ina ƙaramin aji a makaranta, Faransancina bai wuce gaisuwa da ƙirga ba. Mai shagon ya ɗora masa faifai guda gyara. Fim ne na ban dariya, na Turawa: wani magidanci ya ɗebi matarsa da ƴaƴansa da tsohon surukinsa da kare, suka cika mota za su ziyara, tafiya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Inna ba ta taɓa taka ƙofar makaranta ba, don haka Baba ya naɗa kansa tafinta. Duk ranar da bai fita ba, in an yi sa'a akwai kuran, wato wutar lantarki, bayan la'asar sai ya jawo kujera gefen tele, Inna tana kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Da tsohon nan ya buɗe baki sai ta ce, "Mi yac ce?"

Baba ba ya ko inda-inda. Ya ce tsohon cewa ya yi tun da aka haife shi bai taɓa cin tuwo gaya ba sai a gidan wannan suruki. Tun ranar farko ya yanke hukunci cewa tsohon ɗan Matankari ne, garin su Inna, wai a dubi yadda yake ɓoye abinci a aljihu. Da motar ta kafe cikin ƙanƙara, ya ce ai rairayin hanyar Sukukutane ne, direban kuma ɗan koyo ne, bai rage iskar taya ba. Karen ma bai tsira ba, sai da aka ba shi baki, kuma duk gidan ya fi kowa hankali.

Dariyar Inna ba ta da sauti da farko. Kafaɗunta ke fara rawa, ta toshe baki da gefen zane, sannan abin ya ƙwace mata har hawaye. In ta samu numfashi ta jefi Baba da ɓawon gyaɗa, ta ce ya ji tsoron Allah. Na lura fassarar yau ba ita ce ta makon jiya ba, amma na ɗauka haka Faransanci yake, magana guda ma'ana barkatai. Har tsoro ya kama ni, na ce yaushe zan iya harshe mai faɗin nan. Mun kalli faifan har ya karce, ya riƙa tsayawa daidai inda tsohon ya wangale baki, daga baya ya mutu gaba ɗaya.

Na girma, na tafi Yamai karatu, na fito malamar Faransanci. Baba ya rasu wata damina bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Inna ta fita takaba, tana ci, tana salla, tana amsa gaisuwa yadda ya kamata, telen kuwa ta lulluɓe shi da tsohon zane. Ba kuka take yi ba, da kuka ne ma da na san abin da zan ce mata. Dariyar ce ta tafi. Duk hutun da na zo gida ita nake nema, in koma ban samu ba.

Wani hutu ina wucewa a kasuwa, wajen samarin da ke zuba wa mutane finafinai a waya, na hango fuskar tsohon nan a jikin wani hoto. Ashe an yi kashi na biyu ban sani ba. Na sa aka zuba mini, na hau kabu-kabu zuwa gida zuciyata fari tas, ina ganin na samo magani.

Inna ta ce kada in taɓa telen, sai na jingina wayar da buta. Ta matso ta ƙura ido. Yaran sun girma, wanda muka sani yana tsotsar yatsa har gemu ya tsiro masa, ana shirin bikin babbar ƴar. Gidan ya ƙaru, motar sabuwa, karen ma wani ne aka kawo, launinsu kawai ya zo ɗaya. Da tsohon ya fito, ya rame ya ranƙwafa, Inna ta daɗe tana kallonsa.

"Wanga tsoho har yanzu shina nan?" in ji ta.

Na ce yana nan.

Na shiga fassara, kuma ni ba na wasa da aikina. Ya ce ɗakin da aka sauke shi ya yi ƙanƙanta, na faɗa. Ya ce kiɗan ya yi masa ƙara, na faɗa. Inna tana gyaɗa kai kamar mai sauraren labarun rediyo. Aka sake kafe mota, aka sake faɗawa cikin ruwa, duk abin da aka yi a na farko aka maimaita shi da tsada. Haushi ya cika ni, na ce wannan ɗumame ne, ɗumamen ma da bai ji wuta ba. Kafin a ɗaura auren Inna ta tashi ta ce za ta duba awaki.

Washegari na koma wajen samarin na sa suka nemo mini na farkon, don in tabbatar wa kaina inda na biyun ya gaza. Na kalle shi ni kaɗai a ɗaki. Babu tuwo a ciki, babu rowa, babu zancen iskar taya. Ciwon baya tsohon yake ta ƙorafi a kai tun daga farko har ƙarshe. Gaskiya ya fi na biyun, yaran suna da daɗin kallo, amma ba fifikon a zo a gani ba. Wanda muka sha dariyarsa shekara da shekaru ba ya cikin wayar nan, kuma babu mai zuba mini shi. Ranar na yi kewar Baba fiye da ranar da aka binne shi.

Duk da haka ban haƙura ba. Da la'asar na sake jingina wayar, na sa na biyun, na ƙudurta yau ƙarya zan zuba. Na ce tsohon ya ce dangin ango sun cinye kilishi sun bar masa takarda. Ni kaina na ji yadda ta fito, kamar ina karanta wa ɗalibai jimla su rubuta. Inna ta dube ni ta gefen ido.

"Ke, bari. Ba ki iya ba."

Sai na faɗa mata abin da na gano, a hankali, kamar mai kai saƙon rasuwa: Baba ba ya jin Faransanci, duk fassarar nan daga cikinsa take fitowa.

"Yau kinka sani?" in ji ta. "Ni tun muna amare. Faransancin babanku bai wuce na jandarma bisa hanya ba."

Ta ajiye tiren da ke hannunta. Ta ce lokacin jinyarsa ita ta raka shi asibiti, wani matashin likita baƙo ya zauna ya yi ta zuba masa bayani da Faransanci, Baba yana ta "wi, wi," yana gyaɗa kai kamar ya haddace. Da suka fito ya gyara hula, ya ce mata likita ya yi umarni a riƙa dafa masa nama kullum, mai romo, kuma kada kowa ya sa masa hannu a kwano.

Kafaɗunta suka fara rawa. Ta kai gefen zane baki, abin ya fi ƙarfinta, ta yi ta yi har ta dafa ƙasa da hannu guda. Ban motsa ba, ko numfashin kirki ban yi ba, kada in katse ta. Da ta lafa ta share ido.

"Na ko dahwa mai," in ji ta. "Kullum, har randa yak kasa haɗiyewa."