Tagar Kawu Manu

Ku matso nan kusa, ni muryata ba ta da nisa. Tun da Kawu Manu ya rasu kowa ke ba da labarin tagar motarsa, kowa da irin gishirin da yake ƙarawa. To ni a gabana aka yi, da faifaina ma aka yi, don haka ku bari ku ji yadda abin yake.

Kun dai san shi, yayan mahaifiyata ne. Mutumin da bai taɓa wuce ɗan Adam a hanya bai gaishe shi ba. Matsalar ita ce kujerar direba tana hagu, taga tana hagu, shi kuwa ya ce hannun hagu ba na gaisuwa ba ne. Sai ya ƙetaro da hannun dama ta gaban ƙirjinsa, ya fitar waje ya jinjina. In babban mutum ne, hannu biyu! Sitiyari ya zama maraya. In ka yi ihu ka ce, "Kawu, mota!" sai ya ce, "Ƙyale ta, ta san hanya, ita ma 'yar Gwandu ce." Kuma wallahi har ya koma ga Allah ko kaza bai taɓa takawa ba. Da ma ina gudun yake? Masu keke wuce shi suke yi, su ma ya bi su da ina kwana.

Gilashin tagar nan tun ranar da ya sayi motar yake ƙasa. Rana, iska, yayyafi, duk a fuskarsa suke sauka. Har yanar ido ta rufe masa gani, aka kai shi asibiti aka yi masa aiki. Likita ya ce ya kiyayi hasken rana da iskar hanya, in ba haka ba idon zai iya komawa gidan jiya. Aka ba shi baƙin tabarau. Yini ɗaya ya yi da shi ya jefa a aljihu, wai ya gaida liman, liman ya tambaye shi daga wane gari yake.

Sai ga Nasiru daga Kalgo, ɗansa na fari, wanda yake aiki a can. Ya durƙusa ya ce, "Baba, ɗaya cikin biyu. Ko a ɗaga gilashin nan a sa masa tinti, wannan baƙar ledar da ake liƙawa ta tare rana, ko ka ba ni mabuɗin motar."

Kun san Kawu da kunyar ɗan fari. Duk duniya yana gaisawa da ita, amma sunan Nasiru bai taɓa fita bakinsa ba. Sai ya juyo wajena, ina zaune ina tsince shinkafa.

"Balki, gaya ma yaron ga, mabuɗi sai dai a cire shi aljihun gawata."

Na gaya masa, alhali yana tsugune a gabanmu. Nasiru ya ce in gaya wa Baba shi ma bai zo da wasa ba. Na ga idon Kawu yana ruwa, ban san ko ciwon ba ne ko maganar. Motar nan ita ce ƙafarsa. Da ita yake zuwa suna da ta'aziyya da dubiya, da ita yake kai wa tsofaffin da ba su da kowa gaisuwa. Daga ƙarshe ya ce, "To a sa. Amma ni za ni zaɓi mai sawa."

Nasiru ya zaro waya zai duba masa shago. Kawu ya ce, "Wayar ta san uban mai shagon?" Aka mayar da waya aljihu.

Ni ce aka ɗauka rakiya. Ni! Da ko bikin maƙwabta sai an aiko sau nawa. Na ce, "Kawu, ga maza cike da gida." Ya ce, "Su duk sun iya faɗa min abin da nake son ji. Ke ko bakinki ba ya da marfi, ke nake so." Haka na dama fura a ƙwarya don matar Nasiru, na rufe da faifai, na shiga baya ina salati.

Da hantsi muka bar Gwandu, don mai liƙa wa babura ado a garinmu ya ce shi ba ya aikin mota, sai Kalgo. Ba mu isa ba sai da aka yi azahar. Duk wanda muka tsaya tambaya, sai an gaida gidansu da gonarsu da shanunsu, har Kawu ya manta abin da ya tsayar da shi.

Shagon farko wani matashi ne mai fara'a, ya fito da leda baƙa wuluk yana kaɗa ta. "Alhaji, ka zo gidan aiki! Wannan in na sa maka, ba mahaluƙin da zai gan ka. Ko matarka ba za ta san kai ne ciki ba."

Kawu ya dube shi sama da ƙasa. "Mi na sata?"

"A'a, Alhaji, ai ba haka..."

"Mi na sata da za ni ɓuya ma matata? Balki, shiga mota."

Shago na biyu yana gefen titi, wani dattijo ne, Malam Sani, mai magana a hankali. Shi bai fara da leda ba, da doka ya fara. Ya ce tinti ba abin da ake sawa haka kawai ba ne, sai da takardar izini daga 'yan sanda, kuma sai da dalili, ko na lafiya ko na tsaro. Kawu ya ce yaron ga, wato Nasiru, ya riga ya shigar da takardar likita, saura a kai mota su gani. Malam Sani ya ce madalla, amma babban gilashin gaban mota shi ba ya taɓa shi, dole direba ya ga hanya. Kuma duk inda aka zo shinge, a sauke gilashi jami'i ya ga na ciki.

Kawu ya dafa kafaɗarsa. "Kana nufin doka ta ce in ka iske mutane tsaye ga hanya, ka buɗe taga?"

"Haka ne, Baba."

"Allahu akbar! Ashe gwamnati ta san ladabi."

Sai da aka kira makanike kafin gilashin nan ya yarda ya taso. Hannun murɗa shi ya yi tsatsa, kafin ka sauke shi mai jaki ya kai gida. Nan Kawu ya gane in an rufe an rufe ke nan, ba gaisuwar da za ta jira wannan murɗi. Sai ya shiga ya zauna, ya tura ni ƙetaren titi. Malam Sani na kara leda a jikin gilashi, Kawu na ƙwala min kira daga ciki.

"Balki! Kina gani na?"

"Ba na ganin kowa, Kawu!"

Aka canza. "Yanzu fa?"

"Ina ganin gemu, ba na ganin mai shi!"

Aka kara mai haske. Na ce yanzu kam ga shi nan har da haƙora. Malam Sani ya ce wannan kuma ba za ta tare rana ba, da ita da babu duk ɗaya. Jama'a suka fara taruwa, ɗalibai masu wucewa suka tsaya kallo, ni ko ina tsaye a rana kamar mai jiran motar haya. Wadda za ta ceci ido tana ɓoye fuska, wadda za ta nuna fuska tana cin ido. Na ce a raina mabuɗi ya tafi.

Sai Kawu ya fito, ya buɗe ƙofar baya, ya ɗauke faifan da na rufe fura. Ya kara shi a gilashi daidai inda kansa yake zama.

"Sa mai duhun. Amma ka zagaye wanga da reza, ka cire."

Malam Sani ya ce, "Baba, in ɓula tinti? Ai ta nan rana za ta shigo."

"In ba kowa ga hanya, in jingina baya in sha inuwa. In na hangi mutum, in kawo fuskata. Ranar da ta shigo tare da ɗan Adam ba ta kashe ido."

Malam Sani ya yi bisimilla ya sa reza. Ƙudaje kuwa suka yi walima a furata.

Washegari muka kai motar ofishin 'yan sanda, Nasiru na biye da mu yana ta gumi, don ya tabbata za a ce a ɓare ledar. Jami'in da ya fito ya zagaya motar, ya tsaya a wajen ɓular.

"Baba, wannan mene ne?"

"Taga."

"Ai duk wannan ma taga ce."

"Waccan ta mota ce. Wagga tawa ce."

Ya shiga ya kira ogansa. Ogan wani dogo ne, ba ɗan ƙasarmu ba, fuskar nan ba alamar dariya. Ya duba takardu, ya ce mai mota ya shiga ya rufe. Gilashi baƙi ƙirin, shiru. Sai ga fuskar Kawu ta ɓullo cikin da'irar nan da farin gemu, hannun dama a dunƙule kusa da kunne.

"Ranka ya daɗe! Ina gajiya? Yaya aiki, yaya mutanen gida?"

Wallahi da idona na gani, hannun ogan ya ɗaga da kansa kafin ya ankara. Ya ce, "Lafiya lau, Baba." Sannan ya juya wajen Nasiru ya ce shi tun da ya fara aikin nan masu son ɓuya yake gani, yau ne ya ga wanda ya zo da dabarar a gan shi. Ya ce dama abin da ake so ke nan, a san wa ke cikin mota.

Kawu ya ce, "In kuna buƙata, Balki na da faifai da yawa gida."

Da muka fito ya ce, "Balki, gaya ma yaron ga idona ya gode." Nasiru ya juya baya yana share fuska. Ba a sake maganar mabuɗi ba, kuma da idonsa garau Kawu ya cika.

Kwanakin zaman makoki ina cikin gida, amma kunnena yana zaure. Mutane suka yi ta zuwa daga Diggi, daga Wurogauri, daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba. Da yawa ba su san sunansa ba. Sai dai ka ji an yi sallama an ce, "Nan ne gidan mai taga?" Wata tsohuwa mai sayar da nono ta shigo ta zauna kusa da ni, ta ce duk motocin da ke wuce ta a bakin titi, wannan ce kaɗai take da mutum a ciki.

Allah ya jiƙan Kawu Manu, ya haskaka kabarinsa, ya sa mala'iku su tarbe shi da irin fuskar da ya tarbi bayin Allah da ita.

Motar tana nan ƙarƙashin bishiyar dogon yaro a ƙofar gida, tayoyin sun sace. Nasiru ya zo da mai saye, ya tsaya ya dubi da'irar nan, ya ba mutumin haƙuri. To ku da kuke bin layin nan kullum, ku gaya mini tsakani da Allah: waye a cikinku ya taɓa wuce tagar nan hannunsa bai motsa ba?