Ranar da Baba Issaka Ya Faɗi a Motata

Ko na bar aikin nan ba zan manta da ranar da Baba Issaka ya faɗi a cikin motata ba. Ku da kuka shigo tuƙin bas kwanan nan ku saurara, don ba a koyar da irin wannan a wurin training.

Wata Juma'a ce da sanyi, ina kan layin da ke ratsa unguwar Small Heath zuwa cikin gari. Lokacin direba ne ni kawai, ba a ba ni koyar da sababbi ba tukuna. Council, hukumar gari, na gyaran titi, layin motoci biyu sun koma ɗaya daidai wata mahaɗa. Ga an sauko daga masallaci, ga yayyafi. Irin wurin nan ba ya buƙatar wata dabara: ɗaya ta shige daga dama, ɗaya daga hagu, kowa ya bar tazara. In an yi haka layi na tafiya, ko da a hankali ne. Amma ranar kowa ya manna hancin motarsa a bayan ta gabansa don kada wani ya samu kafa. Wasu suka hau layin bas, wasu suka tsaya a yellow box, wato zanen nan na tsakiyar mahaɗa da aka hana shiga sai in gaba da wuri. Mahaɗar ta kulle ta ko'ina.

Baba Issaka dattijo ne mutumin Kumasi, duk Juma'a motata yake hawa, ya tambaye ni iyali kafin ya zauna. Ihun wata mata na ji, na duba madubi na gan shi a ƙasa. Na bi ƙa'ida: na ja birkin hannu, na kunna hazard, fitilun gargaɗi, na kira control, ofishin da ke kula da mu ta rediyo. Suka ce motar asibiti na tafe, kada in bar bas. Wata nas cikin fasinjoji ta durƙusa tana danna masa ƙirji.

Ba a jima ba na hango shuɗiyar fitilar motar asibitin a tsallaken mahaɗa. Tana jiniya, ba ta motsi. Masu son ba ta hanya ma ba su da inda za su matsa, tunda ba wanda ya bar tazara. Tasi guda ce ta tokare tsakiya. Da za ta karkata ta shiga lungun hagu, da hanya ta buɗe.

Na sauka da gudu, na ƙwanƙwasa gilashin tasin. Ashe Alhaji Sule ne, maƙwabcinmu, wanda ya riga ni fara tuƙi a ƙasar nan. Na ce masa mutum ne ke mutuwa a motata, don Allah ya shiga lungu.

Ya ce, "Malam Garba, in na fita daga layin nan wa zai bar ni in dawo? Job ɗin airport ne da ni, fasinja na jiran in kai shi filin jirgi."

Na ce Baba Issaka ne. Ya ce ai su masu motar asibiti sun san hanyoyinsu, ya ɗaga gilashi.

A ƙasa ma'aikatan motar asibitin suka iso, ɗauke da jakunkuna cikin ruwa. Baba Issaka ya cika a asibiti da yamma. Ba wanda ya ce mini da sun iso da wuri zai tashi, ni ma ban ce ba. Na dai ga fuskar nas ɗin nan tana ta waiwayen ƙofa.

Ranar Litinin manajar depot, inda muke ajiye bas-bas, ta kira ni. Ta kalli hoton kyamara, tambayarta guda: me ya sa na bar bas da fasinjoji? Na yi mata bayani. Ta ce ta fahimta, amma cunkoson titi ba aikinmu ba ne, ta yi mini gargaɗi.

A wurin gaisuwa, gidan ɗan marigayin a Erdington, na tarar da Alhaji Sule yana faɗa wa jama'a yadda direbobin garin nan ba su da haƙuri. Ana ta gyaɗa kai. Ya miƙo mini hannu bai kalle ni ba.

Abin da na koya ba mai daɗi ba ne. Motoci ba sa kulle titi, mu ne muke kulle shi, kuma mu da tuƙi ke ciyar da mu mun fi kowa rowar hanya. Alhaji Sule ba mugu ba ne, ya dai tabbata ba wanda zai bar shi ya dawo layi, kuma ranar gaskiyarsa ce. Shi ya sa nake matsa muku ku bar tazara, ku bar mota guda ta shige, ko na baya zai fasa hon. Ba za a gode muku ba, depot ma ba za ta sani ba.

Har yau masallaci ɗaya muke sallah da shi. In na makara, shi ke matsawa ya ba ni wuri in shiga sahu.