Bakina a Madadin Waɗanda Suka Tashi

Duk shekara takan zo gidan hayarmu a Gyaɗi-Gyaɗi, wata mata 'yar Kudancin Kaduna da ke zaune a Tarauni, da 'yar kwamfutarta a jaka. Aikinta bin gidajen da aka zaɓa tun farko, ta maimaita musu tambayoyin bara: me ake samu, me ake ci. Ɗakinmu na cikin zaɓaɓɓun, haka ma na maƙwabta da dama, matan 'yan adaidaita sahu irina.

Ni kuwa amsata ba ta canzawa. Sau uku muke ci, alhamdu lillahi. Wace mace ce za ta tona asirin mijinta gaban baƙuwa? Ko tukunya ta wuni a kife haka nake faɗa, har da murmushina.

Shekarar da mai ya yi tsada, ta zo ta tarar layinmu ya watse. Haya ta gagara, wasu sun koma ƙauye, wayoyinsu ma ba sa shiga. Ta zauna kan tabarma tana share gumi, ta bayyana mini cewa a ofishinsu ba a barin gurbin waɗanda suka ɓace haka nan. Sai a duba wanda ya rage mai irin halinsu, a ƙara wa amsarsa nauyi, ta tsaya a madadin tasu.

"Yanzu in kin yi magana, 'yar'uwa, da bakinsu kike yi," in ji ta.

Kunya ta rufe ni. Na tuna maƙwabciyata da ta sayar da katifarta kafin su tashi. Ashe in na ce sau uku, zan sa a rubuta mata ƙoshin da ba ta gani ba.

Da aka zo kan tambayar, na sunkuyar da kai na ce, "Sau ɗaya. Wata rana biyu."

Ban san maigidan ya dawo ba. Yana bakin ƙofa yana cire takalmi, kuma ya ji. Ya gaisa da baƙuwar cikin mutunci, ya ɗauki buta ya fita. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ni kuma na rasa ta inda zan ba shi haƙuri, tunda ba ƙarya na yi ba. Ranar bayan magariba na ajiye masa tuwo, ya tura wa yara kwanon, ya ce ya ci a waje. Na san bai ci ba.